Sunan Da 'Yan Wasa Ke Nema

Kwana biyu kun ji ni shiru, har wasu sun fara tambaya ko Omma, wato mahaifiyata, ta yi nasarar aurar da ni. Ba ta aurar da ni ba tukuna. Tsoro ne ya hana ni rubutu.

Wanda yau ya fara karanta ni, sunana Eom Dasom, shekarata talatin, injiniya ce ni a wani kamfanin wasannin kwamfuta a garin Pangyo. Sunan wasanmu Gadar Hazo, irin wanda dubban mutane ke shiga lokaci guda, su kafa ƙungiyoyi, su yi yaƙi, su tara makamai da dawakai shekara da shekaru. Ni da mutanena ba ma zana dodanni ko takubba. Mu ne masu kula da manyan na'urorin da ke ɗauke da duniyar gaba ɗaya, waɗanda ba a tunawa da su sai abu ya lalace.

Lokacin da itatuwan ceri suka fara fure aka ba ni shugabancin rukuninmu. Kowa ya ɗauka Nam Seokhun za a ba. Shi ya koya mini aiki sanda na shigo ban san hagu da dama ba, ya kusa haifata, kuma har gobe Sunbae nake ce masa don girmamawa. Ranar da aka sanar, ya miƙe ya rusuna mini a gaban kowa ya ce, "Ina taya ki murna, Shugaba." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar, duk aikin da ya rubuta sai na duba na amince kafin ya shiga cikin wasa. Ni kuwa in na zo kan nasa sai kunya ta kama ni, in bi da ido sama-sama in wuce. Wa zai gyara wa malaminsa karatu?

Da na kira Omma a Jeonju don in yi mata albishir, na same ta tana cuɗa kabeji da yaji don haɗa kimchin da take sayarwa a shagonta na kasuwa, ina jin ƙarar safar roba. Ta ce to madalla, shugabar masu wasa, sannan ta tambaya ko shugaba tana samun lokacin wanke gashinta. Har yau "kamfanin kwamfuta" take ce wa maƙwabta, kalmar wasa ba ta fita daga bakinta. Kafin mu ajiye waya ta sanar da ni cewa Imo, ƙanwarta, ta samo wani: Pyo Gitae, mai kantin magani a Suwon, ɗan ƙawarta ta coci, ba ya shan taba, yana da gidan kansa. Ta ce in ban je na gan shi ba, kada in ƙara sa ran kimchinta.

Don kimchi na je, gara in faɗa muku gaskiya. Na cire rigar nan mai hula da nake kwana nake tashi da ita, na sa farar riga mai ƙaramar kwala da siket ruwan toka, da takalmin da yake cin dunduniyata tun bikin ƙawata. Na same shi a shagon kofi na wani otal, dogo siriri mai tabarau, ya zo da wuri har ya shanye ruwan da aka ajiye masa. Ya ga ina ɗingishi bai ce komai ba, sai ya zaro filasta daga aljihun kwat ya ajiye kusa da kofina. Da na faɗi sunan wasanmu ya ƙware da kofi, ya goge baki ya ce ya taɓa jin sunan. Muka shiga wata hirar.

Daga nan sai saƙonni. "Kin ci abincin rana, ko shugabanni iska suke sha?" Wani lokaci ya turo hoton kyanwar da ke kwanciya a ƙofar kantinsa. Ban so in yarda ba, amma na fara satar kallon waya a tsakiyar taro. Omma kuwa har ta fara tambayar Imo wane zauren biki ne ya fi abinci mai daɗi.

Sai wata Alhamis muka saki sabon gyara da safe kamar yadda muka saba. Kafin a tashi cin abinci ƙorafi ya fara kwararowa: mutane na buɗe rumbunansu na cikin wasa suna tarar da su wayam. Takobin da wani ya yi shekaru yana ƙerawa, dokin da wata ta gada daga ƙawarta da ta rasu, duk sun ɓace. Muka rufe wasan, muka dawo da abin da za mu iya daga ma'ajiya, amma na mutane da yawa ya ƙi dawowa. Da muka bi sawu, kuskuren layi ne ƙwaya ɗaya a cikin umarnin kwamfutar da Sunbae ya rubuta. A ƙarƙashinsa kuma ga sunana, na amince.

Sunbae ya zauna yana kallon layin kamar wanda aka nuna wa gawar ɗan uwansa. Na ce kowa ya koma kan aiki, za mu yi maganar laifi daga baya. Ni ma na koma teburina.

Kafin mako ya zagayo, 'yan wasa suka turo mota mai ƙaton allo ta tsaya a ƙofar kamfani, rubutu na gudu a jikinta: KU BA MU SUNA. Aka jera furannin jana'iza a bakin titi, da sunan wasanmu a jiki. Sai wani ya tono hotona daga shafinmu na ɗaukar ma'aikata, inda nake washe baki cikin rigar kamfani, ya liƙa a dandalin 'yan wasa ya rubuta cewa ga macen da aka ɗora a kan maza don a burge 'yan jarida, ga kuma sakamakon.

Saƙon farko daga lambar da ban sani ba ya ce, "Shugaba Eom, an tashi lafiya?" Na biyu ya ce, "Farar rigar nan da kika shanya ta yi kyau." Na uku babu rubutu, hoton ƙofar benenmu ne, har da keken maƙwabcina.

Na daina shanya a baranda. Na koma sa hula da takunkumin fuska, ina sauka daga bas tasha ɗaya kafin tawa. Na sayo takalmin maza mafi girma a shagon na ajiye a bakin ƙofa, don mai kawo abinci ya ɗauka akwai namiji a ciki. Ɗakina ɗaya ne tal, gado da tebur da firij ɗin da Omma ta cika da robobi, amma in na dawo sai na leƙa banɗaki da bayan labule kafin in sauke jaka. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, suka karɓa da ladabi suka ce za su bincika.

Ana cikin haka Darakta Chu, wanda ke sama da ni, ya kira ni ofis. Ya zuba mini shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ranar Asabar ta mako mai zuwa za a zauna da wakilan 'yan wasa a zauren kamfani, za a watsa kai tsaye, kuma ni zan zauna kusa da shi. Ya ce ba sai mun ambaci suna ba, ya isa in ce an cire wani babban injiniya daga aikin. Na ce babban injiniya ɗaya ne a rukunina, kafin a tashi taron sun gano shi.

Ya ajiye butar a hankali. "Dasom-nim, wuta abin ci take nema. Ko ki jefa mata wani abu, ko ta ci ki. Ni na ɗora ki a kujerar nan, ba na so in ga kin ƙone tun ba ki zauna sosai ba."

Ranar Lahadi Gitae ya zo mini da faten shinkafa da kaza a fulas. Na ce mu zauna a bakin rafin Tancheon da rana tsaka, cikin masu keke da masu yawo da karnuka, don a cikin jama'a kawai nake iya numfashi. Ban san lokacin da bakina ya kwance ba. Na gaya masa komai, motar, Darakta, layin nan ɗaya, har sunan Sunbae. Bai katse ni ba. Abu ɗaya ya roƙa, in nuna masa saƙonnin. Yana karantawa jini na barin fuskarsa, ni kuwa har wani sanyi na ji a raina, na ce ga wanda ya damu da ni.

Omma ta ji labari daga bakin wata mai sayen kimchi da ta nuna mata hotona a waya. Ta kira ni ba faɗa ba kuka, da ƙaramar muryar nan da ta fi faɗan tsoratar da ni. Ta ce in ajiye aikin in dawo gida. Ta ce mahaifiyar Gitae ma ta aiko cewa in na bar harkar wasa, za a iya sa biki a lokacin kaka. Na ce in na gudu yanzu, ba za a sake ba mace kujerar nan a kamfanin ba.

"Kujerar ce za ta raka ki gida?" in ji ta. "Ban haife ki don a riƙa yawo da hotonki ba, Dasom-a."

A haka muka ajiye waya.

Ranar Juma'a Gitae ya turo saƙo cewa ya rufe kanti, yana Pangyo, dole mu haɗu yanzu. Na same shi a wani ƙaramin gidan miya a bayan ofis, ya zaɓi teburin lungu. Aka kawo miya tana tafasa a tukunya, bai taɓa cokali ba. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ni ne Tsohon Dila," ya ce.

Babu wanda ke aiki a kamfaninmu da bai san sunan nan ba. Shi ne shugaban ƙungiya mafi girma a Gadar Hazo, kuma shi 'yan wasa suka zaɓa ya yi magana da yawunsu ranar Asabar. Da sunan wasa kawai muka san shi, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Ga shi a gabana, mutumin da ke turo mini hoton kyanwa.

Ya yi ta bayani ina jin sa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Wai mahaifiyarsa ta sa ya yi alkawari ba zai ƙara gaya wa mace yana wasa ba, don sau biyu maganar aure na watsewa a kan haka. Wai ya yi niyyar faɗa mini, sai abin nan ya faru, sai ya ji tsoron rasa ni. Wai duk wanda ya kama yana barazana ya kore shi daga ƙungiya, amma ba zai iya sanin kowa ba. In kuma ya janye yanzu, mataimakinsa ne zai riƙe makirufo, wani da ake kira Baƙin Gatari, wanda shi ya fara liƙa hotona. Tambayar farko kuwa an riga an kaɗa mata ƙuri'a: suna.

"Kuma ka san amsar," na ce.

"Na sani."

"Za ka faɗa?"

Ya ce ba zai faɗa ba. Ya faɗi haka yana kallon idona, kuma na so in yarda. Amma shi ma rumbunsa wayam yake, mutanen da suka yi shekaru suna bin sa a yaƙi suna jiran sa, ni kuwa jiya-jiya ya san ni. Ku gaya mini, 'yan uwa, in ku ne, wace ƙwarya za ku ce ta fi nauyi a hannunsa? Na tashi na bar miyar tana huci.

Da na koma ofis Sunbae ya tare ni a matakala. Ya rame a 'yan kwanakin nan, gemu ya fito masa fari-fari. Ya ce gobe zai shigo zauren ya miƙe da kansa, shi ya rubuta layin, ba zai ɓuya a bayan yarinyar da ya koya wa aiki ba. Na ce kowa yana kuskuren layi, shi ya sa ake da mai dubawa, kuma mai dubawar ba ta duba ba saboda tana jin kunyarsa. Ya buɗe baki zai yi musu.

"Sunbae, gobe kana ɗakin na'urori kana dawo wa mutane da kayansu. Ba wanda ya iya wannan kamar kai. Kuma ba roƙo nake ba."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya kalle ni ya ce, "To, Shugaba." Wannan karon ban ji ƙaya a cikin kalmar ba.

Asabar da safe aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai da na leƙa kafin in buɗe. Omma ce, ta biyo motar farko daga Jeonju, da jaka biyu na robobi. Ta kalli takalmin mazan nan, ta kalle ni, ba ta tambaya ba. Ta goge mini baƙar kwat da farar riga, ta zaunar da ni a bakin gado ta ɗaure mini gashi tamau kamar ranar da na fara makaranta. Tana yi tana cewa ko ba komai Allah ya ba ni Gitae, yaron kirki wanda bai san wannan shirmen na wasa ba. Kafin in fita ta miƙo mini wayarta ta ce in saita mata inda za ta kalla.

Zauren ya cika, fitilu sun hasko mu har ba na ganin na baya. Ni da Darakta muka miƙe muka rusuna, muka daɗe a sunkuye. Da na ɗago, ga Gitae a teburin da ke fuskantarmu, cikin kwat ɗin da ya sa ranar haɗuwarmu ta farko. Kusa da shi wani gajere mai askin soja, katin ƙirjinsa ya ce Baƙin Gatari. A gefe akwai allon da maganganun masu kallo ke gudu a kai, sun fi ƙarfin ido.

Gitae ya jawo makirufo ya karanta tambayar ba tare da ya dube ni ba: wane ne ya yi kuskuren, kuma me aka yi masa? Na ji gwiwar Darakta ta taɓa tawa a ƙarƙashin tebur.

"Ni ce shugabar rukunin," na ce. "Babu abin da ke shiga wasan nan sai da amincewata, kuma ni na amince da wannan. In suna kuke nema, sunana Eom Dasom. Babu wani sunan."

Darakta ya sauke numfashi ta hanci. Na ɗauka mafi munin ya wuce. Sai Baƙin Gatari ya miƙe ya ɗaga wayarsa ga kyamara, ya ce kafin a ci gaba, yana so kakakinsu ya yi musu bayanin wannan. Aka hasko hoton a babban allo. Ni ce a bakin rafi, takunkumi a haɓa, Gitae na zuba mini fate a murfin fulas. Daga bayanmu aka ɗauka, kusa sosai, har ana ganin tururin.

Zauren ya ɗauki guna-guni. Ni dai abin da ke kaina shi ne, ashe ranar nan da nake jin na tsira a cikin jama'a, mutumin yana tsaye a bayana.

Gitae ya miƙe. Bai sunkuyar da kai ba. "Ni ne a hoton. Neman aurenta nake yi, iyayenmu ne suka haɗa mu tun kafin wannan abu ya faru. Abin da muka tattauna kuma tsakaninmu ne, ba na kowa ba."

Baƙin Gatari ya yi murmushi. "Ke nan akwai abin da ta gaya maka."

Na ga lokacin da Gitae ya gane abin da bakinsa ya yi. Aka fara yi masa ihun maci amana. Ya cire katin ƙirjinsa ya ajiye a tebur, masu gadi suka fitar da shi ta ƙofar gefe. Darakta ya raɗa mini cewa in tashi in bi ta baya. Ban tashi ba. Na riƙe makirufo da hannu biyu, na bayyana yadda za mu dawo da kayan kowa, mataki bayan mataki, da abin da muka canja don kada a sake. Ban sani ba ko mutum goma sun saurara. Na dai kai ƙarshe, ina tuna Omma a bakin gadona da waya a hannu.

A baranda Darakta ya ce in hau sama ranar Litinin da safe, lauyoyin kamfani za su so su ji me na gaya wa wakilin 'yan wasa. Bai kira sunana ba, ya wuce. Sai na ga Sunbae tsaye kusa da tulun ruwa. Ya kalli komai daga ɗakin na'urori, ya sauko.

"Shugaba, mutumin nan ya san sunana?"

Na so in ce a'a. Bakina ya ƙi.

"Ya sani," na ce.

Bai yi faɗa ba, bai ma sake dubana ba. Ya ciro waya ya kira matarsa a gabana, ya ce ta je ta ɗauko 'yarsu Yerin daga darasi da kanta, kada ta bar ta ta hau bas, kuma ta ɓamɓare sunansu daga akwatin wasiƙa. Ya mayar da wayar aljihu, ya hau matakala ya koma kan aikin da na sa shi.

Ina tsaye a wurin wayata ta yi motsi. Na ɗauka Omma ce, ko Gitae. Lambar nan ce da ban sani ba.

"Ki huta, Shugaba Eom, mun gama da ke. Ashe Dila magani yake sayarwa a Suwon. Za mu je mu tambaye shi da kanmu."